Baƙin Allon Mama

Da kitso na san ta. A lokacin ina aiki a shagon wata Hajiya 'yar Damagaram da ke garin Greensboro na Amurka, a kan High Point Road, titin da yanzu ake kira Gate City Boulevard, tsakanin wani mai sayar da tsofaffin motoci da kantin da muke sayen gero da busasshen kifi. Ban daɗe da zuwa daga Maraɗi ba. Maigidana yana tuƙin tasi, ni kuma ina kitso tun safe har kafaɗuna su ƙage. Turancina bai wuce na gaisuwa da "zauna" da "sunkuyar da kai" ba. Faransancin da na koya a lekwal, wato makarantar boko, kuwa ba mai buƙatarsa a garin nan.

Wata Asabar ta shigo, dattijuwa baƙar Amurka, doguwa, furfura ta cinye rabin kanta, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. 'Yan shagon ba sa son kan tsofaffi, don gashin ba ya son ja, sai lallaɓawa. Hajiya ta nuna mini ita da leɓe, tunda ni ce sabuwa. Na zaunar da ita, na ce mata Mama kamar yadda muke ce wa duk wadda ta haife mu. Ta yi dariya ta ce sunan ya yi mata. Har yau ban canja shi ba.

Da ta lura ba na kama magana da sauri, sai ta riƙa yi mini a hankali, kalma kalma. Ta tambaye ni sana'ata a gida. Na ce na koyi buga tafireta, har na ɗan yi aiki a ofishin wani ɗan kasuwa kafin aure. Ta juyo da sauri har kitson ya suɓuce daga hannuna.

"Kin iya tafireta? Da yatsu goma?"

"Goma," in ji ni.

"To ni ma da haka na fara. Daga nan na shiga ɗakin kwamfuta, ban fito ba sai da na tsufa."

Mu a Nijar ordinatar muke ce mata, kuma sau ɗaya na taɓa ganinta, a wani banki a Yamai, ta bayan gilashi. Na faɗa wa Mama haka. Da na gama kitson, ta duba madubi, ta shafa kanta. Sannan ta ce ran Lahadi in ta taso daga coci ba ta da aikin komai, in zo gidanta in ga kwamfuta kusa da kusa.

Maigidana bai saki jiki da zancen ba. "Gidan wa? Kin san ta ne? Daga kitso ɗaya?" Amma ranar shi da kansa ya kai ni East Greensboro, ya ce zai shiga su gaisa ya ga ko wace ce. Gida ne ƙarami na jan bulo, kusa da jami'a, da kujera mai lilo a baranda. Mama ta kawo mana kek ɗin dankali mai zaƙi. Maigidana ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya tambaya ko ba man alade a ciki. Ta ce ta san za mu zo, da man shanu ta yi. Ya ci yanka biyu, ya gyara mata ƙofar baranda da ke ƙara, ya tafi aikinsa. Tun daga ranar bai sake tambayata ina za ni ran Lahadi ba.

A ƙuryar gidan akwai ɗakin da ya kamata a ce na baƙi ne, amma kwamfutoci uku ne a cikinsa. Ɗaya sabuwa ce, mai hotuna da linzamin da ake ja a kan tebur. Ita idona ya fara kaiwa. Mama ta ce a'a, ba daga nan za mu fara ba. Ta ja ni wajen wadda ta fi tsufa, wata mai launin tokar murhu da ramuka biyu a gabanta. Ta kunna ta. Na'urar ta yi gurnani, ta rubuta wasu kalmomi, ta tsaya cik.

"Kin ga ba ta san komai ba," in ji Mama. "Ƙarfe ce kawai da waya."

Ta zaro wani faifai mai faɗi, baƙi, mai laushi kamar kwali, ta zura a rami, ta rufe masa baki. Na'urar ta yi ta ƙwaƙwar-ƙwaƙwar, can sai ga harafin A a kan baƙin allo, da wani ɗan ɗigo a gefensa yana ƙyaftawa.

"Yanzu ta farka. Abin da ke cikin faifan nan shi ake kira oparetin sistem. Shi ne yake jin abin da kika buga, shi ya san inda aka ajiye kowane rubutu, shi yake aika aiki ga firinta. Wannan sunansa DOS. Ga shi yana jiranki. Yi masa magana."

Na ce ban san me zan ce ba. Ta ce in buga haruffa uku, d, i, r. Na buga. Sai ga sunaye sun zubo a allon daga sama har ƙasa, sunayen duk abin da ke cikin faifan. Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Wata nawa na yi a ƙasar nan ina magana ana cewa "me kika ce?", sai ga abu ya ji ni da bugu ɗaya, bai damu da yadda harshena ke lanƙwasa Turanci ba.

Haka muka ɗauko Lahadi bayan Lahadi. Na koyi kwafe rubutu daga faifai zuwa faifai, na koyi buɗe ma'ajiya a cikin ma'ajiya, na koyi sharewa. In na yi kuskuren harafi ɗaya, sai na'urar ta rubuto mini cewa ba ta san wannan umarnin ba, ta koma tana ƙyafta ido, ba fushi ba gajiya. Da yawa daga Turancin da na fara riƙewa, a nan na tsince shi.

Mama ba ta iya koyar da abu ba tare da ta faɗi asalinsa ba. Takan kawo shayi mai ƙanƙara, ta zauna a bakin gado, ta ɗauko labari. Ta ce tana budurwa ta samu aiki a wani kamfanin saƙa na garin nan, cikin baƙaƙen mata na farko da aka bari suka shiga ofis maimakon wajen zare. Aikinta huda kati. Tana buga haruffa kamar a tafireta, injin yana huda ramuka a jikin kati mai kauri, kowane kati layi ɗaya na umarni. A tara katunan a akwati, a miƙa ta wata 'yar taga zuwa ɗakin kwamfutar, ɗaki mai sanyi kamar firji, na'ura ɗaya ta cika shi.

"Dattawan da na tarar a can," in ji ta, "sun ce a farkon zamaninsu babu wani sistem. Mutum shi ne sistem ɗin. In lokacinka ya zo ka shiga da katunanka, ka murɗa wannan, ka danna wancan, na'ura ta yi maka aiki, ka kwashe kayanka ka fita. Kafin na bayanka ya shirya, tana zaune banza, alhali tsadarta ta fi ta gidajen unguwar nan. Shi ne wasu suka ce, me zai hana a rubuta ɗan umarnin da zai zauna a cikinta kullum, in aiki ya ƙare ya jawo na gaba da kansa? To wannan ne kakan duk abin da kike gani."

Ta ce a zamaninta jera ayyuka ake yi a layi. Ka kai naka da safe, sai la'asar ko gobe ka ga sakamako. In ka yi kuskuren waƙafi ɗaya, ka koma ƙarshen layi. Daga baya aka fito da dabarar da mutane da yawa za su zauna, kowa da kibod ɗinsa, duk suna amfani da na'ura ɗaya a lokaci guda. Wannan ya ɗaure mini kai. Na ce ta yaya abu ɗaya zai saurari mutum ashirin?

Ta yi ta bayani ban gane ba. Sai jajibirin Sallah a shago na ga abin da idona. Mata sun cika kujeru, kowa na sauri. Hajiya ita ce gwanar tsaga, sai ta riƙa zagayawa: ta tsaga wa wannan layi, ta matsa ta kama wa waccan gindin kitso, ta leƙa ta uku, ta dawo kan ta farko kafin ta fara ƙorafi. Kowace mace tana ganin ai Hajiya ce ke yi mata. Ran Lahadi na kwashe na faɗa wa Mama da guntun Turancina. Ta tafa hannu.

"Shi ke nan! Sai dai ita na'urar tana zagayawa da saurin da ba wanda zai ankara. Ki gaya wa Hajiyarku ta makara, da tuni an ɗauke ta aiki."

Na gaya mata. Hajiya ta ce in ce wa Mama ita ba ta aiki a ɗaki mai sanyi, ƙafarta ba ta so.

Wata rana Mama ta shiga kicin ta bar ni in share wani tsohon faifai don mu sake amfani da shi. Na rikita ramin hagu da na dama. Na'urar ma ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata e. Da na kashe na sake kunnawa, sai ta ƙi farkawa. Faifan DOS ɗin na goge tas. Na tsaya a ƙofar kicin na kasa haɗa kalmomi, sai cewa nake na kashe ta, Mama, na kashe ta.

Ta zo ta duba, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta buɗe durowa, ga irinsa har uku a jere.

"Wanda ya yi aiki a ɗakin can ba ya ajiye abu guda ɗaya," in ji ta. "Zauna in ba ki labari. Ina sabuwa na ɗauko akwatin kati cike, aikin albashin ma'aikata gaba ɗaya, takalmina ya zame. Katuna suka watse har ƙarƙashin tebura. Ba lamba a jikinsu, kuma in ɗaya ya shiga gurbin wani, aikin ya lalace. Kwana biyu muna jera su. Daga ranar, duk akwatin da na cika sai na ja layi a karkace da alƙalami a kan gefen katunan, ko sun zube layin zai nuna mini inda kowanne yake. Ke kuma yau kin koyi naki. Ɗauko sabon faifai, ke za ki kwafa da hannunki."

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai da na'urar nan. Da hannuna ya faɗa, sai na yi sha'awar rubuta Hausa. Na nemi ƙ da ɗ da ɓ, babu su. In na so in ce ƙasa sai ta fito kasa, ɓata ta koma bata. Na zana wa Mama haruffan a takarda. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon lanƙwasar da ke kansu. Ta ce waɗanda suka tsara haruffan na'urorin farko gurbi kaɗan gare su, ɗari da 'yan kai, sai suka cika shi da abin da Turanci ke buƙata, ba su tuna da kowa ba. "Haka suke," in ji ta. "Sai an buga ƙofa." Shekaru sun ja kafin haruffanmu su samu gurbi, amma sun samu, da su nake rubuta wannan.

Sai da ta tabbatar na iya baƙin allo kamar tafin hannuna, sannan ta bar ni na zauna gaban sabuwar mai hotuna. Ta nuna mini cewa Windows ɗin wancan lokaci riga ce aka ɗora wa DOS, in ka ɗaga rigar za ka tarar da shi a ƙasa yana ta aikinsa. Na daina jin tsoron hotunan tun kafin in fara.

Ana cikin haka aka shiga maganar shekara ta dubu biyu. Rediyo da talabijin ba su da zance sai cewa tsofaffin kwamfutoci za su rikice idan shekarar ta shigo, don lambobi biyu kawai aka ware wa shekara a cikinsu. A shago mata suna ta sayen shinkafa da kyandir suna ajiyewa. Na tambayi Mama ko gaskiya ne. Ta ce da gaskiya a ciki, kuma su ne suka yi: a kan kati kowane gurbi na da daraja, ba wanda ya zaci umarnin da suka rubuta zai kai wannan lokaci da rai.

Ba a jima ba wani kamfani da ke da irin tsohuwar babbar na'urar, da tsofaffin umarninsu a cikinta, ya neme ta, ta koma aiki na ɗan lokaci, ita da wasu tsofaffin abokan aikinta da suka yi ritaya. Suna buƙatar mai saurin bugu da zai riƙa shigar da gyaran da suka yi, ya ɗora wa na'urar tef ɗin ajiyar bayanai ya sauke. Ta ce musu tana da mutum. Ni ce mutum ɗin.

Na rasa yadda zan tunkari Hajiya, don ita ta ba ni aiki lokacin da ban san kowa ba. Na same ta tana sharar gashi bayan an tashi. Ta saurare ni har na gama, ta jingine tsintsiya.

"Ke yanzu kunyata kike ji? Tafi, 'yata. Kitso ba ya gudu. In abin ya yi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, kujerarki na nan."

Ranar da na fara, Mama ta riƙe hannuna muka shiga ɗakin mai sanyi. Tsofaffin abokanta suna ta tsokanar juna kamar yara, suna karanta umarnin da suka rubuta tun suna matasa, wani ya ce wane mahaukaci ya rubuta wannan, a duba a ga shi ne. Da azumi ya kama, Mama ce ta shaida wa shugaban sashen cewa ba na cin abinci da rana, kuma ina buƙatar wurin salla. Aka ba ni wani lungu a bayan kabad ɗin tef. Sabuwar shekara ta shigo muna cikin azumin. Da safe na kunna fitila ta kama, na buɗe famfo ruwa ya zo, maigida ya fita da tasinsa kamar kullum. Mama ta bugo waya ta ce, "Kin ji shiru? Aikinmu ke nan."

Da aikin ya ƙare, ita ta matsa mini in shiga ajin yamma a kwalejin gari. A can na haɗu da Unix, wanda ya girmi DOS amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, da kuma ɗan'uwansa Linux da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina, kowa ya ɗauka kyauta. Malamin ya kunna, sai ga baƙin allo da ɗigo yana ƙyaftawa. Na ji kamar na shiga gidan baƙi na tarar da 'yar garinmu. Da cikin 'yata ta fari na gama ajin. Daga nan na samu aiki a sashen kwamfuta na wani asibiti, inda nake har yanzu. Da albashin nan muka yi karatun yara, da shi na kai mahaifiyata Makka.

Yanzu Mama ta tsufa ƙwarai. Ta bar gidan jan bulo ta koma wajen ɗanta a McLeansville, inda gidaje ke warwatse tsakanin gonaki. Ido ya yi rauni, amma kai garau. Ɗan ya saya mata wayar da ake yi wa magana ta amsa, kullum suna cikin faɗa da ita, wai ta cika surutu. Nakan je duk bayan 'yan makonni da dambun zogale, wanda ta ce ya fi duk abin da likita ya rubuta mata.

A zuwana na baya muna zaune a baranda da la'asar, sai ta miƙo mini wayar ta ce in faɗa mata wa ke tafiyar da ita a ciki. Na ce jikan Unix ne, an dai yi masa ado. Ta jinjina kai, ta ce ashe tsohon bai mutu ba.

Sannan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce a kamfanin saƙar, masu huda kati ba sa wuce 'yar tagar nan, balle baƙar mace. Akwai wani dattijo Bature mai kula da na'urar, mutum mara magana. Wata rana lokacin cin abinci ya buɗe ƙofa ya ce ta shigo, ya nuna mata maɓallan, ya bar ta ta ɗora tef. Ya yi ta yin haka a ɓoye har ta iya, da gurbi ya samu ya ba da sunanta.

"A wancan zamani ba a tsayawa dogon zance tsakaninmu da su," in ji ta. "Kullum ina cewa zan samu ranar da zan gode masa yadda ya kamata. Ya yi ritaya ya koma bakin teku, sai labarin rasuwarsa na ji." Ta juyo da fuskarta wajena. "Na lura kin daɗe kina ɗauke da wata magana a bakinki, ki kawo ta har baranda ki koma da ita. Ga ni nan da raina. Faɗi."

Na fara da Turanci, ya ƙare mini a jimla ta biyu. Sai na koma Hausa. Na ce Mama na gode, na gode da rufin asirin da kika yi mini a ƙasar da ba ni da uwa ba ni da uba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara miki lafiya, Ya sa 'ya'yanki da jikokinki su samu mai riƙe musu hannu a duk inda suka shiga. Na daɗe ina yi, hawaye na zuba, ita kuma ta rufe ido tana gyaɗa kai.

Da na gama ta ce, "Ban ji ko kalma ɗaya ba. Amma amin." Sannan ta ɗaga murya ta kira ɗanta ya kawo faranti da cokali biyu, kada dambun ya huce.